Kafin a Sa Wuƙa, a Ga Inda Cutar ta Kai

Dattijo ya fara tashi fitsari sau biyar, sau shida cikin dare, ya tsuguna da buta yana ta yunƙuri, abin sai ɗis-ɗis. A Birnin Gwari akan ce sanyi ne ko girma. Sau da yawa kumburin furostet ne kawai, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda ya zagaye hanyar fitsari. Amma wani lokaci sankara ce, kuma ita ce ta fi kowace sankara kama maza a Nijeriya.

Da zarar gwajin jini na PSA ya hau, aka tsinko 'yar tsoka aka tabbatar, sai 'ya'ya su ƙosa: a fitar da masara kasuwa, a yi wa Baba aiki a huta. A nan nake jan kunne. Cire furostet yana raba mutum da cutar ne idan ba ta tsallaka ba. In ta riga ta shiga ƙashin baya ko na ƙugu, inda ta fi son zuwa, wuƙa ba za ta cim mata ba. Magani ya koma na danne sinadarin maza, da allura ko wata hanyar da likita zai zaɓa. Aikin kuma ba wasa ba ne, yakan bar wasu da yoyon fitsari ko raunin mazakuta.

Sikanin da ake shafa wa mara mai, irin wanda ake yi wa masu ciki, ba ya nuna ko cutar ta tsallaka. Hoton MRI ne ke nuna ko cutar ta fasa kewayen ƙullutun. CT na duba kaluluwar ciki. Na ƙashi kuwa allura ake yi, a jira awa 2 zuwa 3, sannan a ɗauka. Akwai sabo mai suna PSMA PET da Amurka ta amince da shi a 2020, ya fi su ido, ya kuma fi su tsada. Ba kowa ke buƙatar duka ba. Wanda PSA ɗinsa bai kai 10 ba, sakamakon tsokar kuma mai sauƙi ne, galibi ba a neman hoton ƙashi. Wanda ya haura 20, ko yake kukan ciwon baya, lallai a duba.

Na san tafiya ce. Shekarun da 'yan bindigar dajin Kamuku suka hana hanyar Kaduna da ta Funtuwa biyuwa sun sa mutane da dama sun haƙura da asibiti. Tun sulhun da aka yi da su a ƙarshen 2024 motoci sun ƙaru, don haka a karɓi takardar turawa daga babban asibitin gari, a nufi Barau Dikko a Kaduna ko asibitin koyarwa na Shika, a tambayi likitan mafitsara wane hoto ya dace tun kafin a kashe kuɗi.

Injin MRI maganaɗisu ne mai tsananin ƙarfi. Agogo, makulli, zobe da guru duk a waje ake barinsu. Wanda aka taɓa harbi, ya san akwai ɓurɓushin harsashi a jikinsa, ko maƙeri da mai walda da tsinin ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, ya faɗa wa ma'aikata tun a bakin ƙofa, domin ƙarfen na iya motsawa. A kwance za a yi kamar minti 30 zuwa 45 cikin ƙara irin ta injin niƙa, kuma motsi kaɗan yakan ɓata hoton har a sake shi.