Ƙaton fayil ba ya gyara muryar Shata

A Madarumfa, kamar a Maraɗi da Ɗan Isa, taskar waƙoƙin magidanci ta koma cikin katin memwar da bai wuce farcen yatsa ba. Ka kai salularka rumfar masu tura waƙa, a zuba maka Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da Mamman Barka, a haɗa da wa'azi, ka biya ka kama gabanka. Kwanan nan kuma na ji wasu yaran rumfa na tallar cewa za su "ɗaga" maka ma'aunin MP3 na waƙa daga 64 zuwa 320, wai ta fi fita tangaran. A ganina, cin wurin katinka kawai ake yi.

Ga dalili. Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan, kuma hakan ya isa ya kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji. Sai dai minti ɗaya yana cin kusan mega 10. Shi ya sa masana a cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka jagoranci ƙirƙirar MP3 a farkon shekarun 1990: a zubar da sassan sautin da kunne bai cika lura da su ba, minti ɗaya ya dawo kusan mega 1 a ma'aunin 128. Abin da aka zubar kuwa ya tafi ke nan. In ka juya fayil mai 64 zuwa 320, nauyinsa ya ninka sau biyar, amma amon kalangun da aka yanke ba zai dawo ba. Ƙara wa fura ruwa ne: ƙwarya ta cika, gero na nan yadda yake. Haka ma masu manyan na'urori a Turai da ke ɗaga 44,100 zuwa 96,000 ko 192,000. Kwamfuta na lissafa tsakanin ma'aunan da ke akwai ne kurum.

Lissafin wuri ma ya isa hujja. Kati mai giga 8 yana ɗaukar sama da awa 130 a 128, amma a 320 kimanin awa 55.

Akwai wani tsoro da dattawanmu suka gado daga zamanin kaset, lokacin da kowane kwafi ke fin uwarsa shashaka. Tura fayil daga salula zuwa salula ta Bluetooth ko Xender ba ya rage komai, ko sau ɗari aka tura. Juyawa ce ke ɓarna: a ciro waƙa daga bidiyon YouTube, a mai da ita MP3, wani ya sake matse ta don ta shiga ƙaramar salula. Mafi muni, a kara salula a bakin lasifika a ɗauka a matsayin saƙon murya na WhatsApp, har da kukan akuyar maƙwabta.

Inda na fi damuwa shi ne tsofaffin kasusuwan da ke jibge cikin kwalaye a gidajenmu. Shata ya rasu a 1999, waƙoƙinsa sun bazu, ba za su ɓace ba. Amma kiɗan biki ko kirarin 'yan kokawa da wani kawu ya ɗauka da rakodarsa, wataƙila kwafi ɗaya ne a duniya, ga zafin Afrilu da ƙurar hunturu na cin zaren. Irin wannan a haɗa rakoda da kwamfuta ta waya, a ɗauka da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, a ajiye a WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai. Kaset mai minti 90 zai ci kusan mega 900 a WAV. Wannan ita ce uwa; daga jikinta ake ciro MP3 na saurare, ita kuma ba a taɓa ta.

Sai batun ajiya. Katin memwar na mutuwa ba sallama, kuma kasuwa cike take da jabu: an rubuta giga 64, cikinsa bai kai kwata ba, in ya cika sai waƙoƙin su ƙi buɗewa. Kafin ka yarda da sabon kati, cika shi taf, ka buɗe fayilolin farko da na ƙarshe. Uwar kuma a yi mata gida biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a wurin ɗan'uwa a wata unguwa, a riƙa kunna su ana dubawa duk shekara.