Ka gama montaj? Ga yadda ake fitar da bidiyo ba tare da ya lalace ba

Samari da yawa a Maradi, Damagaram da Tawa yanzu da ɗaukar bidiyo suke cin abinci: bikin aure, suna, wa'azi, tallar shago. Sai yaro ya kwana yana montaj, ya yanka nan ya liƙa can, amma ranar miƙa aiki mai biki ya buɗe ya ga hoton ya yi dishi-dishi, ko ma ya ƙi buɗuwa sam. Sau da yawa a matakin ƙarshe ne aikin ke ɓaci, wato wajen fitar da bidiyon daga manhaja.

Da farko dai a gane, adana aiki daban, fitar da shi daban. In ka adana aiki a Premiere Pro, ɗan fayil ɗin da ka samu bayanin yanke-yankenka kawai ya ƙunsa, babu hoto babu murya. Ka zuba wa mutum shi a kle USB, to fanko ka ba shi. Sai ka danna «Exporter», ko Ctrl da M, sannan manhajar ke haɗa komi ya zama bidiyo guda. A CapCut kuwa maɓallin na can sama hannun dama.

Kafin ka danna, tambayi kanka: ina bidiyon nan za shi? In kana son ya buɗu ko'ina, waya, kwamfuta ko talabijin mai ramin USB, zaɓi MP4 da H.264. HEVC ya fi rage nauyi, gaskiya ne, amma tsofaffin na'urori da yawa ba su karanta shi.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne wurin da aka rubuta «débit» ko «bitrate». Lissafin ba wuya: lambar da ka gani, raba ta takwas, shi ne yawan megan da kowace daƙiƙa za ta ci. In ka sa 8, wanda YouTube ke ba da shawara ga 1080p, minti ɗaya mega 60 ke nan, minti goma mega 600. In ka hau 4K ka sa 40, minti goman nan ya zama jiga 3. Wa zai sauke wannan da forfe ɗinsa? Kuma abin da aka ɗauka a 720p, ko ka fitar da shi a 4K ba ya ƙara kyau ko kaɗan, nauyi kawai ka ƙara masa. Yawan hotuna a daƙiƙa ma bar shi yadda aka ɗauka, in 30 ne 30, in 25 ne 25.

Sai WhatsApp. Shi matse bidiyo yake, shi ya sa aiki mai kyau ke isa a dagule. Aika shi a matsayin «Document», yana ɗaukar har jiga 2, kuma ya isa yadda ka fitar da shi.

Fitarwa na cin batiri, tana kuma son wuri a na'ura, don haka kar ka soma da caji kaɗan, balle lokacin zafi da ake yawan ɗauke wuta. In ya gama, zauna ka kalle shi daga farko har ƙarshe, ka saurari murya, ka duba ko an rubuta sunan amarya daidai. Hotunan asali kuma kar ka goge su sai mai aiki ya karɓa ya ce ya gamsu, don in babu su, manhajar ba ta da abin da za ta sake fitarwa.