Batir ba ya son ruwan rijiya

Ƴan uwa manoma da makiyaya na jihar Diffa, yau maganar batir za mu yi.

Daga Mainé-Soroa har Gueskerou da Bosso, gidaje da yawa sun ɗora farantin hasken rana, wato fanno, bisa rufi. Da shi ake kunna ƙwai da dare, a saurari rediyo, a yi cajin waya. Amma fanno ba ya ajiye wuta. Batir ne rumbunta. Mutum ya sayar da buhunan tattasai ya sayo batir a kasuwar Diffa, kafin tattasan baɗi ya nuna batir ya mutu. Sai ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi. Sau da yawa kuwa laifin yana gida.

Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago irin wannan batir a 1859. Cikinsa ɗakuna 6 ne. Kowane ɗaki yana da faifan dalma jiƙe cikin ruwan asid, yana ba da bolt 2. Shi ya sa ake ce masa mai bolt 12.

Zafi yana shanye ruwan batir. A watan Afrilu da Mayu, zafin Diffa yakan wuce digiri 40. In batirinka mai marafai ne, buɗe su sau ɗaya a wata ka leƙa. Dole ruwa ya rufe faifan dalma. In ya ja baya, ƙara ruwan batir, wanda ake sayarwa cikin kwalba wajen masu kayan mota. Kada a ƙara asid, don ruwa kaɗai ke ƙafewa.

To, ga inda ake ɓarna. Wani sai ya ɗebo ruwan rijiya ko na Komadugu ya zuba, wai ruwa ai ruwa ne. Ƙasarmu ta Manga kuwa ƙasar kanwa ce da gishiri. Kanwa tana kashe kaifin asid, gishiri yana cin faifan. Abin mamaki, wannan kanwar tana da amfani daga waje. In farin gari ya taru a kawunan batir, jiƙa ƴar kanwa a ruwan ɗumi ka goge, marafai a rufe ƙam. In ya bushe, ɗaure wayoyi sosai, ka shafa ɗan giris.

Batir ba ya son a tatse shi ƙarƙaf. In ya huta, cikakke yana nuna bolt 12,6. In ya sauko kusa da 12, ya kai rabi ko ya wuce, sai a kashe kaya. Wanda aka bari babu wuta makonni, ɓawo yakan kama faifansa, ya ƙi karɓar caji. Makiyayi mai tafiya mashekari, cika shi kafin ka ajiye. Kada kuma a haɗa fanno da batir kai tsaye don tsimin kuɗin ƙaramin akwatin nan, regilater. Shi ke tsai da wuta in batir ya cika.

Mai kai caji gari, kada ka matsa wa mai caji ya yi sauri. Batir mai ampar 100 yana son ampar 10, wajen awa 10 ko fiye. Lokacin caji yana fitar da iska mai kama wuta. A ajiye shi a inuwa inda iska ke shiga, nesa da murhu da taba.

In ya mutu, kada a fasa shi a gida don cire dalma. A Thiaroye, kusa da Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008, a unguwar da ake fasa tsofaffin batura. Mai da naka wurin mai sayarwa. Kafin nan, ɗora shi inda yara da awaki ba su kaiwa.