Lasisi Ba Shi Ne Kamfani Ba: Kafin Ka Kafa Kasuwanci A Ƙasar Wasu

Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya sha cin karo da tallan nan mai cewa a zo a buɗe kamfani a Dubai cikin kwana uku, ba tare da an taka ƙafa can ba. Masu tallan ba ƙarya suka shirga gaba ɗaya ba, domin lasisi yana fitowa da wuri idan takardu sun cika kuma an biya kuɗi. Abin da suke ɓoyewa shi ne, a duk cikin wahalhalun da ke jiran baƙo, karɓar lasisin ne mafi sauƙi.

Ba abin mamaki ba ne da tallan ke kama mutanenmu. Shekara da shekaru 'yan Kantin Kwari, da masu sayar da wayoyi, da mata masu harkar gwal da abaya suna zuwa sari a unguwar Deira da kasuwar Naif. Wanda ya daɗe yana saye a hannun wani, wata rana zai so a ce shi ma yana da ofis da sito a can, ya riƙa loda kwantena da sunansa. Burin ba laifi ba ne. Amma tambaya ta farko ba nawa ne kuɗin rajista ba. Tambayar ita ce, a idon hukuma, kamfanin na wane ne?

Kafin watan Yuni na 2021, galibi baƙo ba ya mallakar kamfani shi kaɗai a cikin garin Dubai. Doka ta ce sai ɗan ƙasa ya riƙe kashi 51 cikin ɗari. Yadda aka riƙa yi shi ne, ka zuba jarinka duka, ka nemo kafili Balarabe wanda bai sa ko dirhami ɗaya ba, ka riƙa biyan shi wani abu duk shekara, sannan ku rubuta wata yarjejeniya a bayan fage cewa dukiyar taka ce. Muddin kuna shiri, lafiya lau. Ranar da kuka saɓa, ko ya rasu magada suka shigo, takardar da ke hannun hukuma ita ce ke magana, ita kuwa ta ce shi ne mai rinjaye. Gyaran dokar kamfanoni da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi a 2020 ya cire wannan sharaɗi daga mafi yawan sana'o'i, in ban da waɗanda gwamnati ke ɗauka masu muhimmanci ga ƙasa, irin su harkar tsaro da banki. Saboda haka duk dillalin da ya ce maka yau dole sai da kafili mai rabin kamfani kafin ka yi cinikin yadi ko takalma, to ka nemi ya nuna maka inda aka rubuta.

Na tsaya a kan wannan ne saboda aron suna shi ne ramin da ya fi cin baƙi, ba a Dubai kaɗai ba. A Saudiyya abin har laifi ne babba. Idan baƙo ya tafiyar da shago ko kamfani a ƙarƙashin sunan ɗan ƙasa, suna kiran wannan tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta tanadi ɗauri har na shekara 5 da tarar da ke iya kaiwa riyal miliyan 5, ga wanda ya ara da wanda ya bayar. Baƙon kuma a kore shi bayan ya gama wa'adin hukuncinsa. Ka ga mai jarin ba shi da bakin kai ƙara idan aka cinye shi, tunda kai ƙarar tona wa kai asiri ne. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Ko a nan maƙwabta darasin yana nan. Mutane da yawa sun ɗauka tunda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga ƙasashen juna ba biza, to ko'ina za a iya kafa shago. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa sayar da kaya a cikin kasuwa, da talla, da shagon aski. Ta kuma ce baƙon da ke son kamfanin saye da sayarwa sai ya kawo jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. Da wannan doka ƙungiyar 'yan kasuwar ƙasar ta kafa hujja lokacin da aka rufe shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Akara a 2019 da 2020. Da yawan waɗanda abin ya shafa suna da rajistar kamfani a hannu, amma rajistar ba ta ba su izinin irin cinikin da suke yi ba.

Mu koma Dubai. Lasisi iri biyu ne a can. Akwai na cikin gari, wanda hukumar tattalin arzikin Dubai ke bayarwa, akwai kuma na keɓaɓɓun yankunan kasuwanci da ake kira firi zon, irin na Jabal Ali da aka kafa a 1985 a gefen tashar jiragen ruwa. Kusan duk lasisin mai araha da ake tallatawa na firi zon ne. Ga mai shigo da kaya daga Sin ya sake tura su Legas ko Kwatano, wannan tsari ya yi, domin kayan da ba su shiga gari ba ba a biya musu kwastan. Amma wanda burinsa ya buɗe shago a Naif ya sayar wa masu wucewa, lasisin firi zon shi kaɗai ba zai kai shi ba. Sai ya nemi ƙarin izini ko ya bi ta hannun wakili, kuma da zarar kaya sun tsallaka cikin gari za a caji kashi 5 cikin ɗari na kwastan a kan yawancinsu. Kowane lasisi kuma da sana'ar da aka rubuta a jikinsa. Mai lasisin tufafi ba zai wayi gari yana sayar da gwal ba.

Sai babbar magana, wato banki. A nan ne kwana ukun nan ke komawa watanni. Ka ɗauki ɗan kasuwar da ke juya miliyoyi a Kano, ya zauna gaban ma'aikaciyar banki da lasisinsa sabo fil. Za ta nemi bayanan asusunsa na watannin baya, da rasitan saye da sayarwa, da sunayen kamfanonin da yake hulɗa da su, da takardar hayar ofis, sannan ta tambaye shi asalin jarin. Shi kuwa cinikinsa duk na amana ne. Lissafi yana cikin wani littafi mai baƙin bango a aljihun tebur, kuɗi kuma ta hannun 'yan canjin Wapa suke tafiya, a ba su naira a Fagge a karɓi dirhami a Deira. Mutumin kirki ne, dukiyarsa halal ce, amma ba shi da takarda ko ɗaya da zai ajiye a gabanta. Ba ƙiyayya ce ta sa take wannan bincike ba. Hukumar FATF mai sa ido kan safarar kuɗin haram ta sa Daular a jerin ƙasashen da ake sa wa ido daga 2022 zuwa farkon 2024, Najeriya ma ta shiga jerin a 2023, don haka bankunan suka ƙara tsanani. Kamfanin da ba shi da asusu kuwa ba ya karɓar kuɗi, ba ya biya. A ganina, mai wannan niyya ya fara gyara gida tun shekara guda kafin tafiya: ya yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya riƙa bi da cinikinsa ta asusun kamfani, ya riƙa ajiye rasit.

Izinin zama ma abu ne daban. Lasisi yana ba ka damar neman bizar mai jari, da gwajin lafiya da katin shaida, amma ba ya tilasta wa hukuma ta ba ka. 'Yan Najeriya sun gani da idonsu lokacin da Daular ta daina ba su biza daga ƙarshen 2022 har zuwa Yulin 2024. Haka abin yake a wasu wurare. Kana zaune a Zariya za ka iya yi wa kamfani rajista a Ingila ta intanet da kuɗi kaɗan, amma wannan ba zai ba ka damar kwana ɗaya a Landan ba.

Maganar cewa Dubai ba haraji ita ma ta tsufa. Tun 2018 ake karɓar harajin kaya na kashi 5 cikin ɗari, sannan daga Yunin 2023 aka fara karɓar kashi 9 cikin ɗari na ribar kamfani da ta haura dirhami 375,000. Kamfanin firi zon yana iya samun rangwame, amma sai ya cika sharuɗɗa, kuma ko bai ci riba ba dole ya yi rajistar haraji. Jinkirin rajistar kaɗai tararsa dirhami 10,000 ce. Ga sabunta lasisi duk shekara, ga hayar ofis, ga kuɗin akanta, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Tunda dirhami a ɗaure yake da dala, duk faɗuwar da naira ta yi, nauyin ƙaruwa yake ga mai ɗebo kuɗin daga gida.

Abin da kusan ba wanda ke tambaya tun farko shi ne yadda ake rufewa. Idan kasuwa ta ƙi, wasu sai su haɗa jaka su dawo, su bar lasisi ya mutu da kansa. Ba ya mutuwa haka nan; tara ce ke taruwa a kansa. Rufe kamfani yana bukatar a soke bizar ma'aikata, a sallame su da haƙƙinsu, a biya mai gida da hukumar haraji, a rufe asusu, a karɓi takardar sokewa. Wanda ya bar bashi ko cakin da bai biya ba, mai bin sa na iya samo umarnin kotu na hana shi fita daga ƙasar, kuma sau da yawa mutum ba ya sanin akwai wannan umarni sai ranar da ya koma sari, ya gama, ya miƙa fasfo a filin jirgi zai dawo gida.