Rabin Masara da Rabin 'Yan Kasuwa: Inda Turanci ke Kayar da Ɗalibai

Yaron da ya tashi a unguwar Tishigu ta birnin Tamale yakan ji Dagbanci a gida da Hausa a kasuwar Aboabo, amma Turanci ne ke jiransa ranar jarrabawar BECE. Hukumar WAEC mai shirya ta, wadda aka kafa a 1952 da hedikwata a Accra, ta daɗe tana gwada ɗalibai kan dacewar aikatau da aikau. Inda ƙafa ta fi zamewa shi ne jimlar da ta fara da rabi, sulusi ko wani adadi.

An sa yaro ya haddace cewa suna mai harafin "s" a ƙarshe jam'i ne. Da ya ga two-thirds sai ya zabga are, bai ko waiwayi abin da ake rabawa ba. Alhali sunan da ke bayan of shi ke riƙe da linzami. Masara ba a ƙirga ta ƙwaya-ƙwaya, don haka two-thirds of the maize is spoilt. 'Yan kasuwa kuwa ana ƙirga su: two-thirds of the traders are women. Haka half, some, most da kashi cikin ɗari suke tafiya.

Abin da ke ba ni takaici, mai jin Hausa yana da wannan ƙa'ida a bakinsa tun kafin ya sa ƙafa a makaranta. Yakan ce rabin tuwon ya ƙare, rabin yaran sun tafi, ba wanda ya koya masa da bulala. Malamin da ya ɗora darasinsa a kan wannan ya rage wa kansa wahalar allo.

Kuɗi da nisa da lokaci dunƙule su ake yi. Mai ciniki da ta ce sidi hamsin ya yi yawa, farashi guda take nufi, ba takardun kuɗi ba; shi ya sa fifty cedis is too much ne daidai.

Sai dai Turanci bai cika riƙe alkawari ba. A number of pupils are absent, amma the number of pupils is falling, domin a ta biyun adadin kansa ake magana a kai. More than one pupil is late kuwa, ɗaliban sun wuce ɗaya, duk da haka aikatau na tilo ne. Wannan kam sai hadda.