Idan Tuwo Ya Fara Tsayawa A Wuya

Jama'ar Zango da kewaye, bayaninmu na wannan wata a kan ciwon daji na maƙoshi ne. Wasu na ce masa sankara.

Maƙoshi shi ne hanyar da abinci ke bi daga baki zuwa tumbi. Tsawonsa a jikin babba kamar santimita 25 ne, wato taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya. Ciwon tsiro ne da ke fitowa cikin wannan hanya. Yana girma, hanya tana tsukewa.

Ba ya zuwa da zafi tun farko, shi ya sa yake yaudarar mutane. Da fari nama ne ke tsayawa a wuya ko ƙirji. Sai mutum ya riƙa kora loma da ruwa. Daga nan tuwo ya gagara, ya koma fura da kunu. A ƙarshe ruwa ma sai da wahala. Ga rama, ga dushewar murya. Ya fi kama maza da waɗanda suka haura shekara 50.

A nan ne muke ɓata lokaci. Wani ya ce beli ne, a kira wanzami. Wani ya ce sammu ne. Wata uku, wata shida, ana ta jiƙe-jiƙe, tsiro kuwa ba ya jira. Ba ciwon da ake ɗauka ba ne, kada a ware wa majinyaci kwano.

Me ke jawo shi? Manyan dalilai su ne taba da giya. Sai ƙwannafi na shekara da shekaru. A 2016, masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce abin sha mai tsananin zafi yana iya jawo shi. Masu kurɓar shayi da koko suna tururi, a bari su huce.

Ba kowane tsayawar abinci ne daji ba. Likita ne zai bambance. In abin ya kai mako 3, a je asibitin Daura. In da bukata, za a tura mutum Katsina, ko Asibitin Malam Aminu Kano, ko Shika ta Zariya. Can ake zura siririn bututu mai fitila ta baki, a duba, a ɗan tsakuri tsiron a gwada. Wanda ya zo da wuri ana iya yi masa aiki, ko gashi da na'ura da allurai. Wanda ya makara ma akwai taimakon da zai sa ya iya haɗiya.