Tsundum da hwantsama

Da damina, in ruwa ya sauka, gulbin Magiya yakan kawo. Yara su fita wasa. Wani ya faɗa ruwa tsundum. Wani ya bi taɓo facal-facal. Mota ta wuce, ruwa ya fantsama.

Ku sake faɗin kalmar «tsundum» a hankali. Me kuka ji? Ƙarar abu mai nauyi ce in ya faɗa ruwa mai zurfi. Hausawa sun saurari ruwa, suka kwaikwayi ƙararsa. Daga «tsundum» aka sami aikatau «tsunduma». Shi ya sa muke cewa: «Guga ta tsunduma cikin rijiya.»

«Fantsama» kuwa ita ce watsuwar ruwa ko'ina. A Kano haka ake faɗinta. Amma a Ƙonni da Malbaza da Illela, har Sakkwato, «hwantsama» ake cewa. A nan, «fa» yakan zama «hwa»: fari ya zama hwari, faɗa ya zama hwaɗa. Wannan ba kuskure ba ne. Karin harshe ne. Kada wani ya sa ku ji kunyar Hausar iyayenku.

Ba dukan kalmomi ne suka fito daga ƙara ba. Wasu baƙi ne suka zo da su. «Takobi» daga Abzinawa muka aro ta, su «takoba» suke cewa. «Littafi» daga Larabci ta zo.

Haka abin yake a ƙasar Sikotilan, arewa da Ingila. Wajen shekara ta 800, mutanen Norwe suka iso can cikin jiragen ruwa. Suka zauna a tsibiran Shetilan, kuma tsibiran ba su koma hannun Sikotilan ba sai a 1469. Harshen baƙin ya ɓace, amma kalmominsa sun saura. Har yau, wurin da teku ta kutsa cikin ƙasa, mutanen Shetilan suna ce masa «voe». Asalinta «vágr» ce, a tsohon harshen Norwe.

Ashe kowace kalma tana da tarihinta.

Tambayoyi
1. Daga ina aka sami «tsunduma»?
2. Yaya ake cewa «fata» a Ƙonni?
3. Su wane ne suka kai kalmar «voe» Shetilan?

Aiki
Ku tambayi kakanninku kalmomi uku na ƙarar ruwa. Ku rubuta su, ku kawo wa malam gobe.